Jingar nan don wane ruwa aka yi ta?

Duk shekarar da gulbi ya haura ya cinye shinkafa a fadamar Argungu ko ta Birnin Kebbi, kukan da ake yi ɗaya ne: a yi mana jinga, a yashe gulbi, a ɗaga hanya, a ƙara kwalbati. In an yi sa'a gwamnati ta saurara, sai a ji an ba da kwangila, a faɗi kuɗin, a faɗi kilomita nawa za a yi. Abin da ba kasafai ake jin an faɗa ba shi ne girman ruwan da aka yi ginin don ya tare. Alhali ita ce tambayar farko da injiniya ke amsawa kafin ya ja layi ko ɗaya a takarda, kuma daga amsarta ne tsayi da kauri da kuɗi duk suke fitowa.

Babu jingar da ke tare kowane ruwa. Kowace tana da iyakar da aka yanka mata, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Takardar da ake rubuta wannan iyaka a ciki, haɗe da irin ƙasar da za a yi aikin da ita, da rarar tsayin da za a bari, da shekarun da ake son ginin ya yi, da abin da zai faru ranar da ruwa ya fi ƙarfinsa, ita ce ƙa'idojin tsara gini. Da ita ake riƙe ɗan kwangila. In babu ita, duk tulin ƙasar da aka jibge a bakin gulbi sunansa jinga, kuma ba mai iya cewa an yi ha'inci.

Injiniyoyi suna auna girman ambaliya da shekaru. Za ka ji sun ce ruwan shekara goma, ruwan shekara hamsin, ruwan shekara ɗari. Wannan suna ya ruɗi mutane da yawa, har da masu sa hannu a kwangila. Ba wai in ruwan shekara ɗari ya zo bana mun huta sai jikoki ba. Ka ɗauka ƙwarya ce da wake ɗari a ciki, ɗaya baƙi. Kowace damina sai a sa hannu a zaro ɗaya, a duba, a mayar. Baƙin zai iya fitowa bana, ya sake fitowa baɗi. Yiwuwar fitowarsa a kowace shekara kashi 1 ce cikin 100, amma mutumin da zai zauna shekara 30 a bayan jingar, yiwuwar ya ga irin wannan ruwa da idonsa ta kai kashi 26. In shekara 50 ce, ta kusa kashi 40. Shi kuwa ruwan shekara goma, a cikin shekara biyar kacal yiwuwar zuwansa ta haura kashi 40. Saboda haka wanda aka ce masa an yi masa jingar ruwan shekara goma, kada ya sayar da kwale-kwalensa.

To wane ruwa ya kamata a zaɓa? Nan lissafi yake tsayawa, shawara ta shigo. Mutanen Holand, waɗanda yanki mai yawa na ƙasarsu ke ƙasa da teku, sai da ambaliyar 1953 ta kashe musu mutum 1,836 sannan suka zauna suka yanke. Yankin da ya fi jama'a da dukiya suka ce a kare shi daga ruwan shekara 10,000. Yankunan bakin koguna kuwa aka tsayar musu da na shekara 1,250, domin kogi yana ba da sanarwa kafin ya iso, teku ba ya bayarwa. Shingen da ke kare Landan a kogin Tems, wanda ya fara aiki a 1982, an tsara shi kan ruwan shekara 1,000. Waɗannan alƙaluma ba namu ba ne, ba mu da kuɗinsu, ba mu kuma da irin haɗarinsu. Abin ɗauka a ciki shi ne ba su auna ko'ina da mudu ɗaya ba, kuma sun sa ma'aunin a doka yadda kowa zai gani.

A Kebbi bambancewar ta ma fi zama dole, don mu ruwan da muke gudu shi ne kuma abincinmu. Fadamar Gulbin Kabi ba ta zama fadama ba sai don tana shan ambaliya. Ruwan ne ke kawo sabuwar laka, ya cika tafkuna, ya ba kifi wurin hayayyafa, ya mayar da ruwan ƙarƙashin ƙasa da masu noman rani ke zuƙa da injin. Wanda ya katange fadama kaf da doguwar jinga ya tare ambaliya, amma ya taɓa kifin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu, da shinkafar rani. An riga an ga samfurin haka: bayan an gama madatsar Bakolori a 1978, ambaliyar da ke sauka ƙasa ta ragu, manoman fadamar da ke ƙasa da dam ɗin suka rasa filayen shinkafa da yawa, suka koma gero da dawa, kamun kifi ya ja baya. Don haka a ganina jinga iri biyu muke buƙata, kuma bai kamata a cuɗanya su ba. Ta gari, mai kare gidaje da asibiti da kasuwa, a yi ta kan babban ruwa, a kashe mata kuɗi. Ta gona kuwa gajera ce, aikinta ta jinkirta ruwan farko har shuka ta yi ƙarfi, kuma tun a takarda an san wata shekarar za a haye ta. A arewa maso gabashin Bangaladash haka suke yi: gajerun jingogi masu tare ruwan farko har a girbe shinkafa, daga nan ruwa ya shanye su, da rani a gyara.

Ga manomin fadama ma ba zurfin ruwa kaɗai ne magana ba. Shinkafarmu ta gargajiya mai bin ruwa tana iya miƙewa tare da shi in a hankali yake hawa. Wanda ke kashe ta shi ne ruwan da ya taso dare ɗaya, ko wanda ya kwanta makonni a kan shuka. Ƙa'idar da ta ambaci tsayin ruwa kawai, ba ta ce komai kan saurin hawansa da kwanakin zamansa ba, ba da manomi aka rubuta ta ba.

Sai batun inda ake samo alƙaluman. Kafin ka ce ga ruwan shekara hamsin, sai kana da awon gulbin na shekaru masu yawa, kuma sai ka san ruwan wa kake aunawa. Ruwan da ke wucewa ta Argungu ba ruwan saman Argungu ba ne. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau da Bakolori. Rima kuwa tarin Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi ne, ya bi ta Goronyo. Su biyun suna haɗuwa kusa da Sakkwato su gangaro mana. Can ƙasa Gulbin Zamfara, wanda ya ratso Gummi da Jega, ya shigo, Gulbin Ka ma ya shigo, duka su faɗa Neja. Ana iya kwana uku ba a ga ɗigon ruwa a Birnin Kebbi ba, gulbi yana ta hawa saboda markar da ake yi a Zamfara da Katsina.

Shi kansa Neja, da ya shigo ta wajen Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo, sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa na Agusta zuwa Oktoba, mai laka, wanda damunarmu da ta maƙwabta ke kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya daɗe yana yawo a dausayin tsakiyar Mali har lakarsa ta kwanta, sai wajen Disamba zuwa Fabrairu yake isowa, ana tsakar hunturu. Mutumin Yawuri ya san wannan tun kafin a gama dam ɗin Kainji a 1968. (Af, tun da an zo nan: duk shekara in aka ce Kamaru za ta saki ruwan dam ɗinta na Lagdo sai ka ga hankalin wasu ya tashi a Kebbi. Ruwan Lagdo ta Binuwai yake bi, sai a Lakwaja yake haɗuwa da Neja, ƙasa da mu da nisa. Namu idon a madatsun Goronyo da Bakolori da ma'aunin ruwan Neja na Yamai ya kamata ya kasance.)

Matsalar awon da muke da shi biyu ce. Ta farko, yana da giɓi, akwai tashoshin awo da suka yi shekaru ba mai karanta su. Ta biyun ta fi haɗari, don ba a ganinta: babban kaso na awon an ɗauke shi ne a shekarun fari, daga farkon 1970 zuwa wajen 1990, zamanin yunwar 1973 da ta 1984. Wanda ya ɗauki waɗannan shekaru ya fitar da ruwan shekara hamsin daga cikinsu, ƙaramin ruwa zai samu. Tun daga lokacin kuwa abubuwa biyu sun sauya. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Sannan ƙasar kanta ta canza: an sare daji, tudu ya zama faƙo, ruwan da dā yake nutsewa yanzu gudu yake yi zuwa gulbi da yashi a bayansa. Yashin nan yana cike cikin gulbi da cikin dam, ta yadda ruwan da dā yake wucewa lafiya yau sai ya tumbatsa. Shi ya sa injiniyan kirki ba ya tsayawa kan takardun NIHSA, hukumar awon ruwa ta Najeriya, da na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kaɗai. Zai shiga ƙauye ya nemi Sarkin Ruwa da dattawa su nuna masa inda ruwan 2010 ya tsaya a jikin masallaci, da inda na 2020 ya kai a gindin giginya, ya sa na'ura ya auna. Wannan shaida tana cike giɓin da takarda ta bari.

Wani zai ce ina ruwan Kebbi da ƙa'idojin tare teku, mu da ko ƙamshinsa ba ma ji? Akwai darasi guda da ya shafe mu kai tsaye. A garuruwan bakin teku, kamar Legas, teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini. In ya ciko, bakin magudanar gari yana toshewa, ruwan sama ya rasa inda zai fita. Don haka masu tsara gini a can ba sa lissafin teku daban, ruwan sama daban. Suna tambayar me zai faru in suka haɗu a sa'a guda. Mu namu tekun shi ne Neja. In ya cika, ruwan Gulbin Kabi ba ya samun shiga da sauri, sai ya ja da baya ya kwanta a fadama. Haka lambatun gari yake yi in gulbi ya fi shi tsayi: maimakon ya fitar da ruwa, sai ya shigo da shi. Duk bututun da ya huda jinga dole a sa masa murfi mai buɗewa waje ɗaya, kuma a tanadi fili ko famfo don ruwan saman da zai taru a ciki lokacin da murfin ke rufe. In ba haka ba, an kare gari daga gulbi, an mai da shi kwano.

Yanzu ga ginin kansa. Ruwa kubik mita ɗaya nauyinsa tan ɗaya ne, kuma turinsa ba daidai da zurfinsa yake ƙaruwa ba. A kowace mita ɗaya ta tsawon bango, ruwa mai zurfin mita 1 yana turi da rabin tan. In ya kai mita 2, tan 2 ne, nauyin buhun siminti 40. A mita 3 ya zama tan huɗu da rabi, buhu 90. Wannan ne dalilin da ya sa ƙara wa tsohon bango layi biyu na bulo don ruwa ya haye shi bara ba gyara ba ne, ƙarin kaya ne a kan tushen da ba a yi don su ba.

Bayan an san tsayin ruwan da aka zaɓa, ana ƙara rara a sama, galibi daga rabin mita zuwa mita ɗaya, saboda igiyar ruwa da iska ke kaɗawa, da zaman da ƙasa ke yi bayan gini, da kuskuren lissafi. Gefen jingar kuma ba a miƙe ake yinsa ba, kwantar da shi ake yi, kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta biyu zuwa uku a kwance. Mu buga misali. Jinga mai tsayin mita 3, samanta mita 4 don mota ta iya bi a je gyara, gefe biyu a kwance ɗaya bisa uku: gindinta mita 22 ke nan. Kowace kilomita za ta ci fili hekta 2.2, da ƙasa kubik mita 39,000, wato sawun tifa 3,900 in tifar mai ɗaukar kubik goma ce. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, ranar da aka nuna masa siririn tudu aka ce jinga ce, ya gwada.

Amma yawancin mutane tsayi suke kallo, ruwa kuwa sau da yawa ta ƙasa yake bi. Duk manomin da ya taɓa haƙa rijiyar ban-ruwa a fadama ya san abin da ke ƙarƙashin laka: in ka nutsa 'yan mitoci sai ka faɗa yashi mai ruwa. Wannan yashin da ke ba shi ruwan rani shi ne hanyar da ambaliya ke bi ta ƙarƙashin jinga. Ruwa yana tsatstsafowa ta bayanta, ya fara ɓuɓɓuga kamar tukunya na tafasa. In ruwan garau yake fita, da sauƙi. In ya fara fitowa da yashi, to rami yake ci daga baya zuwa gaba, kuma ranar da ramin ya haɗe da gulbi jingar za ta rufta alhali ruwa bai kai bakinta ba. A New Orleans ta Amurka, lokacin guguwar Katrina a 2005, wasu katangun kankare sun faɗi tun ruwa bai kai tsayin da aka yi su dominsa ba, saboda raunin ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Don haka ƙa'ida ta gari tana tilasta a haƙa ramukan gwaji a bi layin jingar kafin a zana ta, a tona rami a gindinta a cike da laka don a datse yashin, a sa matatar yashi da tsakuwa a baya yadda ruwa zai fita ya bar ƙasa a wurinta.

Lakar ma ba kowace ba. Baƙar lakar fadama tana riƙe ruwa, amma da rani tsagewa take yi har hannu ya shiga, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai an lulluɓe ta da wata ƙasar, an dasa ciyawa mai riƙe ƙasa. Itace kuwa ba a barinsa a jikin jinga, domin saiwarsa in ta ruɓe ta bar bututu, haka ramin gafiya da gidan gara. Zubin ƙasar kuma hawa-hawa ake yi, kowane hawa bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, a yayyafa ruwa, a bi da rola a danne, a gwada, sannan a zuba na gaba. Nan ne aka fi cin amana, don jingar da aka danne da wadda aka tula da katafila kamarsu ɗaya ranar buɗewa. Sai Satumba ake bambance su.

Kwalbati shi ma yana da nasa lissafin da ido ba ya bayarwa. Bututu biyu masu faɗin santimita 60 ba su kai ɗaya mai 120 ba. In ka ninka faɗin bututu, ruwan da yake ɗauka yana ninkuwa wajen sau shida. Hanyar da aka ɗaga ta ratsa fadama da ƙananan kwalbatoci dam ce da ba a yi niyya ba: ta tara ruwa a gonakin sama, in ta karye ta watsa shi kan na ƙasa.

Madatsun ruwa kuwa ma'auninsu ya fi tsanani nesa, domin in suka karye ba gona suke ci ba, gari suke ci. Dam ɗin ƙasa ba ya jure a haye shi, shi ya sa ake yi wa mafitar rararsa lissafi kan ruwan shekara dubu ko fiye. Amma mafita mai ƙofa amfaninta yana ga buɗewarta. A ƙarshen Satumbar 2006 madatsar Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, kuma bayanin da aka bayar shi ne ƙofofinta sun ƙi buɗuwa. Madatsar Alau ta ɓalle kan Maiduguri a Satumbar 2024, shekara talatin bayan ambaliyar 1994. Ba a fafe gora ranar tafiya: gwajin ƙofa da rani, da janareto na ko-ta-kwana, da hanyar buɗewa da hannu in wuta ta ɗauke, duk cikin ƙa'idar gini suke, ba alfarma ba ce. Haka jadawalin sakin ruwa. Goronyo na ɗaukar kubik mita miliyan 942, Bakolori miliyan 450. Mai kula da dam yana tsakanin wuta biyu, in ya saki ruwa da wuri damina ta yanke, masu noman rani su zage shi, in ya riƙe har ya cika sannan marka ta sauka, dole ya buɗe gaba ɗaya. Mutanen Sakkwato da Kebbi ba su manta Satumbar 2010 ba, lokacin da ruwa ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gangaro fadamominmu. Jingar Argungu da aka tsara ba tare da sanin mafi yawan ruwan da Goronyo da Bakolori za su iya saki a rana guda ba, a kan zato aka gina ta.

Saura abin da ba a son faɗa a wurin taro: ranar da ruwa ya wuce ma'auni. Jinga tana sa mutane sakin jiki. Filin da kakanni suka ƙi ginawa sai a yanka shi fuloti, don ai yanzu akwai kariya. A Satumbar 2020 Neja ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, tsayin da ba a taɓa rubutawa ba, jingogi suka karye, unguwannin da ke bayansu suka nutse. A daminar ce Kebbi ta yi asarar shinkafar da rahotanni suka ƙiyasta da hekta 450,000. Ruwan da ya karya jinga ya fi wanda ya malalo a hankali mugunta, don ba ya ba ka lokacin kwance akuya.

Maganin da injiniyoyi ke yi shi ne su zaɓi wurin da za a haye tun da wuri. Ana rage tsayin wani yanki na jingar da gangan, a ɗaure shi da dutse ko kankare, a bayansa a bar fili wanda ba gidaje. In ruwa ya wuce ma'auni ta nan zai zuba, ya rage wa gari nauyi. Holand ɗin ma, bayan cikar kogunan 1993 da 1995, ta koma ja da jingoginta baya tana bar wa kogi fili. A takarda abin yana da sauƙi. A ƙasa kuwa filin nan gonar wani ce, ta gado, kuma ana gaya masa ne cewa in rana ta ɓaci tasa za a sadaukar don a ceci kasuwar gari. Dole a zauna da shi da hakiminsa da rani, a rubuta nawa za a biya shi kan kowace hekta, daga wane asusu, cikin kwana nawa. Yankin nan ya san abin da rigimar diyya ke haifarwa, domin a kanta ne manoman Bakolori suka tare hanyoyin aikin, har 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Afrilun 1980.